Bango Ɗaya Da Tsohon Mijin 'Yar Gwaggo

Tun da gari ya waye Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗora ruwan shayi ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta ɗauko mayafi ta ajiye, ta ɗauko wani, ta sake komawa kan na farkon. Taga kuwa ta leƙa ya fi a ƙirga.

Daga sama ta jiyo ƙarar sandar mahaifiyarta, sai ta ruga gindin matakala.

"Umma, ki tsaya in zo in riƙe ki."

"Bar ni, na san hanyata."

Hanyar Umma kuwa ita ce ta zauna a kan matakalar sama, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta riƙa zamowa a hankali tana cije leɓe, sanda na biye da ita tana ƙwaram-ƙwaram. Auta ta kawar da kai. Kullum sai ta gani, kullum kuma sai abin ya soke ta kamar yau ta fara gani.

Gidan na Auta ne, da guminta ta saya, shekara da shekaru tana tsaye a bayan kantar wani shagon magani. Irin gidajen nan ne na jere, siriri mai hawa biyu. Falo da kicin da ɗan banɗaki a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, bango ɗaya da maƙwabcin dama, bango ɗaya da na hagu. Idan wani ya yi atishawa a nasa ɗakin, sai ka ji kamar ka yi masa addu'a.

Lokacin da ta saye shi, 'yar Gwaggo ce ke aure a gidan dama, saboda ita ne ma Auta ta zaɓi wurin. Mijin likitan dabbobi ne. Auren bai yi ƙarko ba. 'Yar Gwaggo ta ce ta gaji da warin awaki a rigar miji, ta gaji da gida kamar akwatin ashana, ta nemi ya sawwaƙe mata, ya sawwaƙe. Tuni ta yi wani auren har da 'ya'ya. Amma a wurin Gwaggo, yayar marigayi mahaifin Auta, laifin duk na Likita ne, kuma har gobe bai wanku ba.

Sai ga shi bayan shekaru gaisuwar maƙwabtaka ta koma hira, hira ta koma abin da ya fi hira. Ranar da Likita ya shigo ya durƙusa gaban Umma ya faɗi abin da ke ransa, kafin rana ta faɗi labari ya kai kunnen Gwaggo.

Tun daga ranar Gwaggo ta tuna cewa gwiwar Umma ba ta son matakala.

Ƙahon mota ya katse wa Auta tunani.

"Ku fito mana!" Muryar Gwaggo ce tun daga bakin titi. "Mutum ya bar harkokinsa ya zo, ku kuma kuna nan kuna jan ƙafa."

Mutumin shi ne Dillali, mai harkar gidaje, ɗan aminiyar Gwaggo. Dogo ne mai tsabta, turarensa na riga shi shiga wuri, tarin makullai a hannu. Bai taɓa aure ba, wai yana jira sai ya gama gina kansa. Da kansa ya buɗe wa Umma ƙofar mota, ya karɓi sandarta da hannu biyu.

"Sannu Mama. In sha Allahu daga yau kin yi sallama da hawa da sauka."

Ya juyo ga Auta ya sassauta murya. "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce, idonta na kan ƙofar gidan dama. A rufe take. Motar Likita ba ta nan.

Tafiya suka yi mai nisa zuwa ganin gidan da ya samo musu, har shaguna suka ƙare, har kwalta ta ƙare. Auta na lissafa a ranta yadda za ta riƙa zuwa aiki daga nan, ta ga sai ta fito tun kaji ba su sauko ba.

Amma gidan, gaskiya ɗaya ce, gida ne.

Doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, fili mai faɗi da bishiyar gwaiba a tsakiya. Ɗakuna duk a ƙasa, ko tudun da zai sa tsohuwa ta ɗaga ƙafa babu. Kicin ɗin kaɗai ya kai falonsu. Dama da hagu kangwaye ne da ba a gama ginawa ba, ciyawa ta cinye su.

Umma ta shiga ɗaki ta fita, ta shiga wani ta fita, ba wanda ya riƙe ta. Ta je gindin gwaibar ta zauna a kan wani bulo, ta ɗaga kai tana kallon ganye, ta yi murmushi.

Rabon Auta da ganin irin wannan murmushin tun Abba na da rai.

Dillali ya matso. "Kin ga Mama ko? Ni abin da ya sa na riƙe gidan nan ke nan, mutane na bi na ina cewa an yi magana. Naki kuma na samu mai so, a shirye yake. Abin da zai rage tsakani kada ya dame ki, ni da ke ba ma haka." Ya ɗan kaɗa makullai. "Sai dai mai sayen naki yana son amsa gobe. Gida irin wannan kuma, ranki ya daɗe, ya fi kyau da maigida a cikinsa."

"Allah ya ba shi maigida nagari," ta ce, ta wuce kicin.

A can Gwaggo ta ritsa ta, ta turo ƙofa.

"To, me kika gani?"

"Yana da kyau, Gwaggo. Sai dai nisa. Kuma ba kowa kusa, shiru ya yi yawa."

"Shirun ai shi ake saya! Ba mai jin tarinki, ba mai ƙirga miki numfashi ta bango." Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ko kuwa akwai tarin da ba kya son ki daina ji?"

"Gwaggo…"

"Rufe min baki. Ke Auta, maza sun ƙare ne a duniya? Sai ragowar 'yar uwarki? Mutumin da ya mayar min da 'ya kamar tsinken tsire, shi za ki kawo min a matsayin suruki karo na biyu? Da wane ido za ki kalle ta ranar da kuka haɗu?"

"Ita ta ce ba ta yi, Gwaggo. Ina jin komai, bangonmu ɗaya. Ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mata murya ba."

"Au, har kin zama lauyarsa! Ashe tun tana ɗakin kike kasa kunne."

Hawaye suka zubo wa Auta. "Wallahi ba haka ba ne. Allah ne shaidata, sai bayan ta yi aure da daɗewa…"

"Mutane ba za su tambayi Allah ba, ni za su tambaya." Gwaggo ta nuna taga da yatsa. "Dubi uwarki. Dube ta da kyau. Kina kallo tana jan gindi a matakala kamar kuturwa, don kawai kada ki rabu da likitan awaki. Ga yaro ɗan mutunci, ga gida, ga rufin asiri. Da ƙanena na da rai, da ko tari ba ki isa ki yi a maganar nan ba."

Auta ta dubi taga. Umma ta tsinki ganyen gwaiba tana shinshinawa.

Suka kamo hanyar dawowa. Dillali na ta ba Umma labarin unguwar, yadda za a kawo kwalta, yadda za a kawo asibiti, komai dai za a kawo. Da suka iso ƙofar gida Gwaggo ba ta sauka ba.

"Zan je dubiya nan bayanku. In na dawo ina son in ji amsa, ba kuka ba."

Umma ta ce ta gaji, za ta ɗan miƙe a kujerar falo. Auta ta shiga kicin ta fito, ta hau sama ta sauko, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Can ta ji ƙarar ruwan famfo daga bayan gidan dama.

Ta buɗe ƙofar baya.

Bayan gidan ɗan fili ne da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, 'yar gajeriyar katanga ta raba shi da na Likita. Yana tsugune yana wanke dogon takalminsa na roba, hannun riga a naɗe. Ya ɗago, ya ga idanunta, ya kashe famfo.

"Maƙwabciya. Kun je ke nan."

"Mun je."

"Ya gidan?"

"Mummuna ne," ta ce. Sai kuka ya ƙwace mata. "Ƙarya nake yi. Yana da kyau, Likita. Umma ta yi ta yawo a ciki ba mai riƙe ta. Har murmushi ta yi."

Ya goge hannu a jikin wando.

"To ki saya."

Ta ɗago da sauri. "Me ka ce?"

"Ki sayar da wannan, ki sayi wancan."

"Ka san ko wa ke sayarwa? Ka san abin da ya ce min yau? Wai gidan ya fi kyau da maigida!"

"Na san shi. Na san kuma abin da Gwaggo ke nufi."

"Ka sani, kuma kake cewa in tafi?" Ta dafa katangar da hannu biyu. "Ni ina can ana yanka ni da baki saboda kai, an kira ni mai cin ragowa, an ce tun 'yar uwata na ɗaki nake kasa kunne, duk na shanye. Na dawo in ji ka ce kada in tafi, ko da ƙarya ne, sai ka ce in saya? Haka ka yi wa 'yar Gwaggo ko? Ta ce za ta tafi, ka buɗe mata ƙofa!"

Maganar ta same shi. Ta gani a fuskarsa, ta so ta janye, amma magana zarar bunu ce.

"Ita ba ta so na," ya ce a hankali. "Riƙe wanda ba ya son ka zalunci ne. Ke kuwa…" Ya haɗiye sauran. "Kina tsammani ina barci ne tun da aka fara zancen nan? In kun tashi, wa zan riƙa jin yana rigima da tukunya da sassafe? Amma ba zan zama dalilin da Umma za ta karye ba."

"Wa ya ce za ta karye? Kullum ina riƙe ta."

"Kullum kina gida?"

Yadda ya yi tambayar ya sa ta zuba masa ido.

"Me kake ɓoye min?"

Ya dubi ƙofar kicin ɗinsu, ya rage murya. "Ta sa na yi mata alkawari. Yau zan karya, Allah ya yafe min. Makon da ya wuce kina wurin aiki, na dawo ɗaukar kayan allura, sai na ji wata irin ƙara ta bango. Na tsaya. Sai na ji nishi. Na yi ta buga ƙofarku ba amsa, na zagayo na tsallako ta nan. Na same ta a gindin matakala, ƙafa a lanƙwashe, ta kasa tashi."

Auta ta toshe baki da mayafi.

"Na duba ta, ba karaya, Allah ya kiyaye. Na ɗora ta a kujera. Tana kuka tana roƙo na kada in gaya miki."

"Ta ce min ƙofar kabad ce ta buge ta a kafaɗa…"

"Matakala ce. Shi ya sa na ce ki saya. Ni zan jure nisa, in Gwaggo ta hana ni ƙofa zan yi ta zuwa har ta gaji. Amma in aka sake faɗuwa irin waccan, ba lallai a tashi ba."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta juya ta shige gida.

Umma na kwance a doguwar kujera, ido biyu. Auta ta zube a gabanta, ta ɗora kai a cinyarta tana shessheƙa.

"Umma, me ya sa? Me ya sa kika ɓoye min?"

Umma ta yi ajiyar zuciya. "Yaron nan bai iya riƙe magana ba."

"Da kin mutu fa? Ina can ina miƙa wa mutane maganin ciwon kai, uwata na kwance a ƙasa! Shi ke nan, na yanke. Gobe zan ce wa Dillali na amince. Ba na son gidan, ba na son komai. Ki yafe min, Umma, son raina ya rufe min ido."

"Tashi ki zauna."

"Umma…"

"Na ce tashi ki zauna, ki share majinar nan. Mace har mace tana kuka kamar an ƙwace mata alewa."

Auta ta zauna a ƙasa tana goge fuska.

"Na ɓoye miki ne don na san abin da za ki yi ke nan," in ji Umma. "Gidan can yana da kyau, ban ƙi ba. Na zauna a gindin bishiyar nan na ji daɗi, na tuna gidanmu na da. To, ina zaune sai na ce bari in saurara in ji. Auta, ko kukan jariri ban ji ba. Ko rediyon wani. Na ce a raina, a nan in na zame a banɗaki, sai dai ki dawo da yamma ki tarar da abin da kika tarar."

"Ai ba matakala a can."

"Tsufa ba ya bukatar matakala kafin ya kayar da mutum. A nan na faɗi, kafin in gama salati an tsallako katanga." Ta gyara kwanciya tana yamutsa fuska. "Ni ba bene ne ba na so ba, hawansa ne. Wa ya ce dole sai a sama zan kwana? Falon nan ya yi min. Ga banɗaki, ga kicin, ga taga ina kallon masu wucewa."

"Baƙi fa? A ina za su zauna?"

"A bakin gadona. Wanda ya fi ƙarfin haka ya zauna a gidansa."

Dariya ta kuɓuce wa Auta cikin kuka. Sai kuma fuskarta ta sake canzawa. "Gwaggo fa? Umma, tun da Abba ya rasu ba ki taɓa musa mata ba."

Umma ta ɗan yunƙura. Ta miƙa hannu ta ɗauki sandarta, ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa bangon dama da ƙarfi.

"Umma! Me kike yi?"

"Haka muka yi da shi. Ya ce in ina bukatar wani abu in buga."

Kafin Auta ta gama gyara mayafi an yi sallama a ƙofa. Likita ya shigo a firgice, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya babu.

"Lafiya, Umma? Kin sake…"

"Lafiya lau, mai tsinin baki. Tun da ka iya tona asiri, sai ka iya ɗaukar kaya. Ku hau ku sauko min da gadona."

Ya dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai.

Katifa ba ta ba su wahala ba. Gadon ne ya ƙi. Tsohon gadon katako ne mai nauyin tsiya, na auren Umma, ƙusoshinsa sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, dole sai a ɗauko shi ɗungurungum. Likita ya kama ta ƙasa yana saukowa da baya, Auta ta riƙe ta sama. A kwanar matakala ya maƙale.

"Ɗaga naki kaɗan."

"Na ɗaga!"

"Karkato shi hagu. Hagunki, Maƙwabciya, ba nawa ba."

"Kada ku kankare min fenti," in ji Umma daga kujera.

Da ƙyar ya kuɓuce. Suna gab da isowa ƙasa, gumi ya jiƙe rigar Likita, ƙofar falo ta buɗe ba sallama.

Gwaggo ce.

Ta dubi katifar da ke jingine a bango. Ta dubi gado. Ta dubi tsohon surukinta a tsakiyar gidan 'yar ƙanenta, da ƙafa ɗaya ba takalmi. Jakar hannunta ta zame ta faɗi.

"Me zan gani haka?"

Ta matso tana nuna Auta da yatsa.

"Wato amsar ke nan. Na ce a fitar da uwarki daga gidan nan, ke kuma kin shigo da shi har ɗakin kwana!" Idanun Gwaggo sun kawo ruwa. "To ku ji da kyau, ke da uwar taki. Wallahi idan ƙafar gadon nan ta taɓa daɓen falon nan, ni da ku har abada. Ba ni ba ku, ko a hanya kada wadda ta gaishe ni. In kuwa ana son zumunci, a mayar da shi inda aka ɗauko shi, wannan kuma ya fita."

Likita na tsaye da nauyin gadon duk a ƙirjinsa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Bai sauke ba, bai koma sama ba. Ya ɗaga ido ya dubi Auta.

Auta ta dubi Umma, hawaye na gangarowa har haɓarta.

Umma ta dafa sanda ta miƙe zaune. Ta daɗe tana kallon yayar mijinta, matar da ta yi wa biyayya tun tana amarya.

"Yaya, ki yi haƙuri, ki shigo ki zauna."

Sannan ta juya ga Likita.

"Ɗana, hannunka zai gaji. Sauke shi a nan."